Tsakanin waƙar fim da kukan inji

Duk wanda ya san harkar fim a Kano ya san cewa ba jarumai da daraktoci kaɗai ke riƙe da industiri ba. Akwai wasu yara da ba ka taɓa ganin fuskar su a fosta, sunan su ma sai can ƙarshen fim ya ke giftawa, lokacin da kowa ya miƙe. Su ne 'yan aike. Su ke kai abinci lokeshan, su sayo batir, su koma gidan jaruma su ɗauko mata gyalen da ta manto, sannan in an tashi aiki su kai wa edita abin da aka ɗauka. Kusan duk a kan babur su ke wannan zirga-zirga, kuma in ka lura da kyau, mai karatu, za ka ga yawancin su kunnen su a toshe ya ke da waƙa.

Ɗaya daga cikin su wani matashi ne ɗan Yakasai. An sakaya sunan sa a nan, za a kira shi Auta kamar yadda 'yan gidan su ke kiran sa. Auta mayen waƙar fim ne na gaske. Ba a haife shi ba lokacin da waƙoƙin 'Sangaya' da 'Wasila' su ka cika gari, amma duk ya haddace su. Muryar Misbahu M. Ahmad, ta Fati Nijar, ta Nura M. Inuwa, ta Umar M. Shareef, daga baitin farko zai gaya maka mai ita. Lokacin da Hamisu Breaker ya saki 'Jaruma' a 2020, sai da 'yan gidan su su ka roƙe shi arziki ya canza waƙa. Burin sa a duniya shi ne wata rana shi ma ya tsaya gaban makirfo a situdiyo. Aikin aike da ya kama a wani kamfanin shirya fim da ke kusa da Titin Gidan Zu, a wajen sa tsani ne kawai.

Babur ɗin da ya ke hawa kuwa na kawun sa ne, wata tsohuwar Jincheng da ta ga jiya ta ga yau. Kawu ya daɗe ya na acaɓa. Ya na kan titi a ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, har wasu abokan sana'ar sa su ka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsira daga kamu. Ya na kan titi har zuwa Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Wasu su ka koma tuƙa Adaidaita Sahu, wasu su ka bar gari. Shi kuwa sai ya kafa rumfar kanikanci a wajejen Jakara, domin dama can shi ke gyara abin sa.

Abin da ya fito da Kawu a wannan sana'a kunnen sa ne. Mutum zai turo babur ya fara dogon bayani, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, “Tada shi kawai.” Ya karkata kai kamar mai sauraren labaran rana, can sai ya ce fulogi ne, ko bawul ne ya saki, ko kafireto ce ta sha datti. A wajen sa inji ba ya mutuwa sai ya yi sallama. In ka murɗa totur ƙara ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya cinye. In ka ji ƙas-ƙas daga ƙasa duk sanda ka saki totur, sarƙa ce ta yi sako-sako ta na dukan murfin ta. In kuwa ƙarar ta koma kamar ana dukan ƙarfe da guduma daga ciki, to ka tsaya nan take ka duba baƙin mai, kafin inji ya buga. Ko giya ma, ai irin waɗannan ƙananan babura da kunne ake canza masu ita.

To, a nan ne su ka saɓa da Auta. Ranar da ya fara ganin sa ya fito daga lungu da abin nan a kunne, ya na kaɗa kai, sai ya tare shi.

“Kai Auta, wa ka bar wa tuƙin?”

“Ni mana, Kawu. Ai da ido ake tuƙi.”

“A titin Abuja ke nan. A cikin birni kunne ne ke gaba, ido na bin sa a baya.”

Maganar Kawu ta na da ƙamshin gaskiya. Wanda ya taɓa ratsa lungunan Yakasai, ko Zage, ko Alfindiki, ko bayan Kasuwar Kurmi, ya san wani lungun in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa katangu biyu. Ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Hon ɗin wani babur, ƙarar kurar mai ruwa, ihun yara an taso daga makarantar allo, sandar makaho, salatin masu ɗauke da makara, duk kunne ne ke fara kawo maka labarin su. Kafin ido ya gani, an riga an haɗu.

Amma shi ma Auta ba haka kawai ya ke yi ba, ya na da tasa hujjar. Ya ce mutumin da zai yi sawu shida ko bakwai a rana tsakanin Gidan Zu da cikin gari, cikin zafin bazara da hayaƙi da cunkoson Ƙofar Nassarawa, in ba waƙa a kunnen sa to faɗa zai yi ta yi da 'yan Adaidaita. Waƙa ce ke sanyaya masa zuciya. Kuma a kan babur ne baitoci ke zo masa, har ya kan tsaya gefen titi ya rera a waya don kada su gudu. Da gardama ta yi zafi sai ya jefo wadda ya ke ganin ita ce ta ƙarshe:

“Kawu, ai an ce kai ma da rediyo ka ke ɗaurewa a kan babur, ka na jin Shata.”

Kawu ya yi dariya. “Ƙwarai kuwa. Amma a kan babur na ɗaure ta, ban cusa ta a kunne na ba. Ina taka wuta iska ke kwashe Shata, ta bar ni da inji na. Kai kuwa in iska ta taso ƙara murya ka ke yi.”

Wannan magana ta Kawu ita ce likitoci ma ke faɗa, da nasu lissafin. Mai babur ya na cikin ƙarar inji da ta iska da ta titi. Kafin waƙa ta fito masa sarai dole ta rinjayi duk waɗannan, don haka sai ya yi ta ƙara ta ba tare da ya san ya wuce kima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen baligi zai iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. In ta kai 90, awa 4 ne kacal. In ta kai 100, minti 20 ne a duk makon. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya na fuskantar haɗarin lalacewar ji saboda yadda su ke sauraren sauti. A Faransa, tun 1 ga Yuli, 2015 aka haramta wa duk mai tuƙi, har da mai babur da mai keke, saƙala irin wannan abu a kunne.

Auta bai ji ba. Abin ma sai ya ƙaru da ya shiga cikin samarin da ke haɗuwa da yamma a wani fili a bayan badala su na wasan babur. A jera duwatsu a yi da'ira, a yi ta zagaye ana kwantar da babur a kwana, masu ɗaga tayar gaba na yi, 'yan kallo na tafi. A wayoyin su duk bidiyon tseren MotoGP ne. Sun san Valentino Rossi, sun san Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu da ya yi gudun kilomita 366 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023. Auta ya kan nuna wa abokan sa yadda 'yan tseren ke zaune da abin jin waƙa a kai kafin a fara, ya ce, “Kun gani ko? Su ma da waƙa su ke yi.”

Rabin labarin ya gani. Kafin a tashi ne su ke jin waƙar. In lokaci ya yi sai su cire, su sa abin toshe kunne, su kifa hular kwano. Shi kuwa abin toshe kunnen ba ya ƙara wani sauti, rage haukan iska da ƙara kawai ya ke yi, mutum ya ci gaba da jin tashi da saukar injin sa. Kuma fa wannan a filin da kowa hanya ɗaya ya nufa, ba akuya, ba mai talla, ga ma'aikata da tutoci a kowace kwana, ga motar asibiti a tsaye. Su da aka share wa hanya ba su yarda su ba waƙa kunnen su ba.

Ranar da abin zai faru, wata Asabar ce. Da safe Auta ya biya ta rumfar Kawu shan iska a taya. Ya na tsayawa Kawu ya ce, “Sarƙar nan ta na kuka. Kawo in ɗaure maka, minti goma ne.” Auta ya ce ana jiran sa a lokeshan, sai gobe. Da la'asar aka tashi aiki, darakta ya damƙa masa na'urar da aka zuba aikin kwana uku na wani shiri mai dogon zango, ya ce ya miƙe wajen edita kada ya tsaya ko'ina. Ya sa ta a jakar goyo. Da ya zo daidai filin ya hango abokai, sai zuciya ta ce zagaye biyu kawai.

Waɗanda ke wajen sun ce tun a zagayen farko kowa ke jin sarƙar na duka. A na biyu har wani ya shiga fili ya na ɗaga hannu ya na ihu, “Auta, sarƙa! Sarƙa!” Shi kuwa ya ɗauka kirari ake masa, ya ƙara wuta. Ya na kwantawa a kwana sarƙar ta sauka daga haƙoran ta, ta cushe, tayar baya ta ƙame. Babur ya watsar da shi gefe, ya ja jiki a ƙasa ya nufi 'yan kallo, ya share ƙafafun wata yarinya mai tallar gyaɗa. Da aka zo ɗaga Auta, cinyar sa ta karye, kuma abin na nan a kunnen sa ɗaya, waƙa na ta tashi abin ta.

Allah ya taƙaita, yarinyar targaɗe ta yi da ƙujewa. Amma sai da Kawu da mahaifin Auta su ka je gidan su har sau uku ban-haƙuri, su ka biya kuɗin magani da na farantin gyaɗa. Na'urar da ke jaka ta fashe. An samo aikin kwana biyu a katin kyamara, na kwana ɗaya ya tafi. Dole aka sake haɗa jarumai, aka sake biyan kuɗin gida da na abinci, shirin da aka saba sakin sa duk mako a YouTube ya tsallake mako guda, 'yan kallo na ta zagin darakta ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ga shi kuma a satin ne wani mai situdiyo ya yi wa Auta alƙawarin ba shi dama ya gwada murya. Ranar ta zo ta same shi a gadon asibiti.

Wata huɗu ya yi a kwance a soron gidan su. Abin da ya fi damun sa ba ƙafar ba ce. Yarinyar nan ce, da kuma wani siririn kuka da ya lura kunnen sa na hagu ke yi in dare ya yi tsit. Likita ya gaya masa wannan ba faɗuwar ce ta kawo shi ba, ya daɗe ya na tara shi.

Kawu kan zo bayan magariba ya zauna a bakin tabarma. Ko sau ɗaya bai ce “ai na gaya maka” ba. Sai dai in babur ya wuce ta lungu ya ce, “Wannan fa?” Da fari Auta shiru ya ke yi. Daga baya ya fara cewa, “Boxer ce.” Kawu ya ce, “Me ke damun ta?” A haka a haka har ya kai in an wuce ya kan ce roba-roba ce kuma salansar ta ta fashe, ko Lifan ce mai ita bai iya canza giya ba. Wata rana ya riga Kawu ganewa. Dattijon ya dube shi ya ce, “Ashe kunnen na nan. Haya ka bayar da shi.”

Yanzu Auta ya koma lokeshan, sai dai ba aike ya ke yi ba. Shi ke riƙe sandar makirfo. Daraktan da ya yi rantsuwa ba zai sake ɗaukar sa ba shi ne ya neme shi, bayan ya ga yadda ya ke tsayar da ɗauka ya ce akwai janareto a gida na uku, alhali ba wanda ya ji sai shi. Waƙa kuwa bai daina so ba, kuma har gobe ya na cewa Kawu bai san daɗin ta ba. Burin situdiyo ma na nan.

Saura ku, daraktocin mu da masu ba da umarnin waƙa. Sau nawa ake nuna jarumi a kan babur ba hular kwano, ya saki hannu, ya na rera wa masoyiya baiti? Ku kun san a hankali ake tafiya, kun san akwai masu tare hanya a bayan kyamara. Yaron da ke kallo a Gwammaja ko Mandawari bai sani ba, kuma shi ba a ce masa “kat” a sake ɗauka.

Da safe in Auta zai fita, ya kan zauna a kan babur a ƙofar gida ya ji waƙa ɗaya har ƙarshen ta. Sai ya cire abin ya jefa a aljihun gaba, ya ja zif. Sannan ya taka kik, ya ɗan karkata kai, ya saurara.