Hannu a Wuya

Yau kwana 11 ke nan da likita ya soka mini siririyar allura a gaban wuya, ya zuƙo ɗan abin da bai kai ɗigon ruwa ba, ya shafa a kan gilashi, aka aika da shi Yawunde. Ya ce in dawo bayan mako uku. Tun daga ranar hannuna bai bar wuyana ba. Ina alwala in taɓa, ina tuƙa tuwo in taɓa, cikin dare in farka in tarar yatsuna sun riga ni isa wurin.

A gaban madubi na fara ganinsa, ina ɗaura sarƙa za ni biki a Rumde Ajiya. Ɗan ƙullutu ne, bai fi gyaɗa ba, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Idan na haɗiyi yawu sai ya yi sama, ya dawo. Na ja mayafi na rufe shi, na tafi bikina, na yi dariya da kowa. Wata biyu ina rufewa kafin na taka asibiti.

Likitan ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce a gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, tayiroyid a bakin likitoci, ita ke fitar da sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, zafin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Ƙullutu a cikinta abu ne da ya zama ruwan dare, musamman ga mata, kuma cikin goma, kusan tara ba sankara ba ne. Ko da ta kasance sankarar ce, irin wadda aka fi samu a wannan wuri tana cikin masu jin magani. Na gode masa, na fito. Amma zuciya ba ta san lissafi ba. Ta bar tara ɗin nan a ofishin likita, ta ɗauko ɗayan ta biyo ni da shi har gida.

Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san dare ba ya kawo sauƙi. Zafi kan haura digiri 40 da rana, bango ya riƙe shi har asuba. A tsakar gida nake shimfiɗa tabarma, yara na barci a gefena, ni kuwa ina ƙirga shekarunsu, ina raba su ga dangi a cikin raina: wannan ga Yaya, wannan ga Inna. Na ɗauki waya na shiga intanet neman kwanciyar hankali, na fito da cututtuka bakwai da ban shiga da su ba.

Duk wannan ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Mu da muka tashi tsakanin Hausawa da Fulani, tarbiyya biyu ta haɗu a kanmu: a gida a ce haƙuri, a maƙwabta a ce munyal. Ni kuwa na fahimce su duka da ma'ana ɗaya, wato ka haɗiye abin da ke cinka, kada fuskarka ta tona maka asiri.

Goggo ce ta warware mini wannan kuskure. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in, kuma tun ina yarinya na san ta da maƙoƙo kamar ƙaramin ƙoƙo a wuya. A zamaninsu abin ya yi yawa, domin abinci ba shi da isasshen sinadarin aidin, kafin Kamaru ta wajabta sanya shi a gishiri a 1991. Na je gaishe ta ranar Juma'a, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, me kika ɓoye a ƙarƙashin mayafi da hannunki ke gadinsa?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kamo hannuna ta ɗora a kan nata wuyan. Ta ce, "Shekara arba'in muna tare da wannan. Ban ce naki irin nawa ne ba, wannan sai masu ilimin abin su faɗa. Amma ki sani, haƙuri daban, ɓoyo daban. Mai haƙuri yana jira ne a cikin mutane. Mai ɓoyo shi kaɗai yake jira, shi da Shaiɗan."

Na ce, "Goggo, to idan sakamakon ya zo da abin da nake tsoro fa?"

Ta ce, "Ranar sai mu yi kukan ranar, mu nemi magani. Yau kuwa ba ki da shi, don me za ki biya bashin da ba ki ci ba?"

Ban ce tsoron ya tafi ba. Yana nan, sai dai na yanka masa lokaci. Bayan sallar Isha'i nakan zauna da shi, in rubuta tambayoyin da zan yi wa likita, in kai sauran gaban Ubangiji, in rufe littafin. Wayar kuwa ba ta kwana kusa da ni yanzu. Na gaya wa Yaya, na gaya wa aminiyata, sai ga shi ita ma an taɓa yi wa ƙanwarta irin wannan gwaji, ban taɓa sani ba, domin su ma mayafi suka ja.

Jiya da yamma na bi ta kan gadar Binuwai. Ruwa ya janye, yashi ya fito fili, masu wanki sun baza kaya a inda kogi zai mamaye idan damina ta kankama. Na tsaya ina kallonsu har ladan ya kira Magariba. Sai da na iso ƙofar gida na tuna cewa tun la'asar ban taɓa wuyana ba.

Saura kwana 10. Wanda ya karanta wannan, ya sa ni a addu'a.