Ranar Da Tsuntsayen Baturiya Suka Koya Mana Yin Shiru

Tun muna aji ɗaya muke jin sunan Baturiya a bakin malaminmu na labarin ƙasa, amma sai a hunturun bana Allah Ya nufa muka taka wurin da ƙafarmu. Ranar wata Asabar, bayan sallar asuba, muka tashi daga Aujara cikin bas ɗaya, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka wuce Haɗejia hantsi bai ɗaga ba, muka nausa ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda dausayin yake.

Mu da muka saba da tudu da gonakin gero, abin da ya fara kama idonmu shi ne ruwa shimfiɗe iya ganinka, ganyen bado ya rufe gefensa, ga giyayya da bagaruwa tsaye a bakin gaɓa. Can nesa wani masunci na tura kwalekwale da gora. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Sai dai kash! Muna sauka muka kaure da ihu da tafi, kowa na neman ɗaukar hoto. Kafin ƙiftawar ido suka tashi gaba ɗaya, suka bar mu da ruwa tsura.

Dattijon da aka haɗa mu da shi don ya zaga da mu ya yi murmushi, ya ce, "Yarana, wanda ya zo gidan wani ai sallama yake yi. Sallamar tsuntsu ita ce shiru." Ya zaunar da mu a ƙarƙashin wata bishiya, ya ce kada wanda ya motsa. Wallahi zaman nan ya fi mana jarrabawar lissafi wuya. Amma da muka daure, sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Kirinjijiya ce ta fara sauka, garke guda, tana kukanta mai kama da fito. Sai ɗinya, ƙatuwar agwagwar daji. Zalɓe ya tsaya cik a cikin ruwa kamar an dasa shi, yana jiran kifi ya gifta, balbela kuma na bin shanun Fulani a gefen fadama. Madubin hangen nesa guda ɗaya muke da shi, don haka muka riƙa miƙa wa juna.

Malam ya nuna mana wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsattsagar taɓo. Ya ce waɗannan baƙi ne, daga arewacin Turai suke, wasu ma daga Rasha. Idan sanyi ya tsananta a can har ruwa ya daskare, sai su taso, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a nan. Wajen watan Maris kuma su koma gida su yi ƙwai. Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, to ina shamuwa?" Ya ce ita tata tafiyar daban ce: da rani tana kudanci da gabashin Afirka, sai damina ta kusa take dawo mana. Ashe shi ya sa iyayenmu ke fara gyaran gona da zarar sun gan ta.

To, daga ina wannan ruwa yake? Malam ya zana mana taswira a ƙasa da tsinke. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗejia, wanda ke ratsa Wudil da Ringim. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Idan suka iso wannan yanki sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, irin waɗanda ake kira jigawa, inda jiharmu ta samo sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Tuddan nan su ke raba ruwan gida-gida, ya bazu ya zama tafkuna da fadamu. Daga baya ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Duniya ta san da wannan wuri. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran, shi ya sa ake bikin Ranar Dausayi ta Duniya kowace 2 ga Fabrairu. A 2008 aka sanya Baturiya, mai faɗin fiye da hekta 100,000, cikin jerin wuraren da yarjejeniyar ta amince da muhimmancinsu. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dausayin Haɗejia gandun daji na ƙasa.

Amma ba komai ne ya faranta mana rai ba. Dattijon ya kai mu wani wuri da ya ce yana yaro nan suke wucewa da kwalekwale. Yanzu kachala ce ta cike shi, doguwar ciyawa da ta fi mutum tsayi. Malam ya bayyana mana dalili. A da, kogin yakan cika da damina ya janye da rani, ciyawar ta bushe. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa har da rani, wasu hanyoyin ba sa bushewa. Kachala ta samu abin da take so, ta toshe magudanai. Sai wani gari ya sha ambaliya, wani kuma ruwan ya kasa isa gonakinsa. A cikin kachalar ne kuma jan-baki ke kwana, ya fito da safe ya far wa shinkafar manoma. Madatsun suna ba Kano ruwan sha da na noman rani, babu mai musun amfaninsu, amma abin da aka yi wa kogi a sama, mutanen ƙasa ke ganin sakamakonsa.

Mun kuma ga kututturan bishiyoyin da aka sare don itace. Nan jikinmu ya yi sanyi, domin mu ma da itace ake dafa mana tuwo a gida, kuma ba mu taɓa tambayar daga ina aka saro shi ba.

A hanyar dawowa muka tsaya a Haɗejia muka yi sallah. Malam ya tuna mana cewa a wannan gari ne, cikin watan Afrilu na 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawan mulkin mallaka, ya yi yaƙi har aka kashe shi, shi ya sa ake kiran sa Mai Shahada. Ba nisa da nan kuma akwai Garun Gabas, wato tsohuwar Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Muka leƙa kasuwar kifi, inda ake loda kwalayen banda zuwa sassan Najeriya. Wanda ya ga wannan kasuwa zai gane cewa dausayin ba na tsuntsaye kaɗai ba ne. Masunci da manomi da makiyayi duk a nan abincinsu yake.

'Yan uwa ɗalibai, idan makarantarku za ta je, ku zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan. Ku nemi izinin masu kula da wurin, ku isa da sassafe, ku riƙe littafi da biro, ku kwashe ledojinku ku dawo da su gida. Danƙon harbi kuwa a bar shi a gida.

Mu dai tun da muka dawo muka buɗe littafi a ajinmu, muna rubuta duk tsuntsun da muka gani a kududdufin bayan gari da ranar da muka gan shi. Mun bar shafi guda babu komai, muna jiran ranar da shamuwa za ta sauka a Aujara.