Jan Kunne Ga Masu Ɗaukar Hoto A Kan Jakar Goyo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu ɗaukar hoto bisa wata hasara da ke samunmu, watau zubewar kaya daga jakar goyo wadda ba a ja zif ɗinta ba.

Na daɗe cikin sana'an nan, abin da na lura kuwa shi ne, jakar da aka bari a wangale ba ta cika yin ɓarna ba, gama ido na ganinta. Mai ɓarna ita ce wadda aka mai da murfinta kawai, aka ce sai an jima a ja zif. Ga ta kamar a rufe. Dawakin Hawan Daushe su taso, mutum ya fizge ta ya saɓa, sai ka ji ƙwal a ƙasa. Don haka tawa ko dai a wangale sarai, ko a rufe ruf, ko da hoto guda zan ɗauka in komo.

Kada a raina fāɗuwan nan. Dogon tabaron Canon mai lamba 70-200 f/2.8 IS II, wanda ya fito a 2010, gilasai 23 ke jere cikinsa, nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi. In ya bugi ƙasa, ko bai fashe ba, gilashi ɗaya na iya gocewa, sa'an nan gefen kowane hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi. Mai shi kuwa ba ya sani sai ya gama aikin bikin mutane, wanda ba a maimaitawa.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya kula da shi ba. Jaka mai kunnuwan zif biyu, in aka haɗa su a sama tsakiya, nauyin kaya da girgizar tafiya su kan raba su sannu sannu. Sai a tura su duka biyu ƙasa a gefe guda, a sarƙe su da ɗan ƙarfe. In ƙurar hunturu ta sa zif ya yi tauri, a share haƙoransa da tsohon burushi, kada a ja da ƙarfi.

Mai niyyar sayen sabuwa, ni dai shawarata ya nemi wadda ke buɗewa ta wajen da ke manne da bayansa, irin Lowepro Flipside. In ya manta, murfin zai tokare shi tun bai goya ta ba.

Haza wassalam.

Naka,
Mai Hoto, Kano.