Kunnen hagu na Baba

Mun daɗe a gidanmu muna ɗaukar Baba a matsayin miskili. Inna za ta yi masa magana daga bakin madafa, ya yi shiru yana murɗa rediyonsa. Ta maimaita, ya ɗago kai ya ce, "Na'am?" Ta sake faɗa, ya ba ta amsar abin da ba ta tambaya ba. Daga nan sai ta juya ta ce mana, "Malam dai abin da ya ga dama yake ji." Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce: mutumin da ke jin ƙugin babur ɗin ƙanena tun daga kan kwana, yake jin an buga ƙofar zaure kafin kowa, ta yaya za a ce zancen kuɗin cefane kaɗai ne ba ya shiga kunnensa?

Baba maharbi ne, ɗan maharbi. Da bindigar toka ya fara, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, daga baya ya mallaki mai baki biyu. Da rani yana daji, ranar Sallah kuma yana cikin 'yan bindigar hakimi, a zamanin da wannan suna bai zama abin firgita ba. Ina yaro babu abin da nake alfahari da shi kamar in tsaya kusa da shi idan zai saki wuta a gaban dawakai. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙasa ta girgiza, in dawo gida kunnena yana ƙara har washegari. Wannan ƙarar na lissafa ta cikin kayan Sallah, tare da sabon ɗinki da tuwon shinkafa. Ranar da na kai tafin hannu na rufe kunnuwana, sai ya dube ni ya ce, "Sauke hannunka, namiji ba ya toshe kunne. Da sannu za ka saba. Ni ka ga ko gezau."

Abin da ya kai mu asibiti ƙarami ne. 'Yata ta zauna gabansa tana kawo masa haddarta, shi da ya saba gyara wa jikoki karatu. Ta tsallake aya sukutum, yana murmushi yana gyaɗa kai. Da dare ya kira ni zaure, ya ce, "Ina jin muryar yarinyar nan, ina ganin bakinta yana motsi, amma ban tsinci harafi ba." Ya yi jim, ya ƙara da cewa akwai gyare a cikin kansa da ke kuka dare da rana, kusan shekara ashirin ke nan, bai taɓa faɗa wa kowa ba don kada a ce iska ce ta taɓa shi. A daren na gane dalilin da ya sa ya daina zama a majalisa bayan Magariba. Mun ɗauka girma ne ya zo masa, ashe kunyar amsa ba daidai ba ce ta kore shi.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da sauti ba ya ratsawa, aka sa masa abin saurare a kai, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Da takardar ta fito, layin jinsa yana tafiya lafiya a sautuka masu kauri, sai ya faɗa rami a wajen lamba 4000, inda siraran sautuka suke. Ramin kunnen hagu ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Kafin mu ce komai game da sana'arsa, likitan ya tambaye shi, "Baba, da wace kafaɗa kake harbi?" Baba ya dube ni kamar ni na tona masa asiri, ya ce da ta dama. Likitan ya ce haka ya zata. Mai harbi da kafaɗar dama yakan kwantar da kumatunsa a kan gindin bindiga, sai kansa da kafaɗarsa su ɗan kāre kunnen dama, na hagu kuwa ya fuskanci bakin bindiga ya sha ƙarar gaba ɗaya.

Bayanin da na samu a ranar, da wanda na bi na karanta daga baya, ya wanke Baba daga zargin Inna. Can cikin kunne, bayan dodon kunne da 'yan ƙasusuwa uku, akwai wani abu nannaɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen dubu goma sha biyar, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ƙara mai tsanani takan fara cin waɗanda ke ɗaukar siraran sautuka. A nan baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da t suke zaune, wasula da ƙugin babur kuwa suna can ɓangaren kauri da bai taɓu ba. Shi ya sa fara da sara da shara da tara duk suka kusa zama kalma ɗaya a kunnen Baba. Yana jin hawa da saukar muryar mai magana, da su yake cike gurbi yana cinta, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kauce. Muryar mata da ta yara, da yake sun fi siranta, su suka fara ɓace masa. Inna ta yi shekaru tana fushi da abin da ba laifin kowa ba ne.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. A wuraren aiki, daga 85 ake fara cewa a kare kunne idan mutum zai wuni a cikin ƙarar. Ƙaramar bindiga tana kaiwa wajen 140, manya kuwa 160 zuwa 170. Kada tazarar lambobin ta ruɗe ka, domin duk ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin sautin. A wannan mataki ba a maganar sa'o'i. Harbi ɗaya tak yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kunne yana da 'yar tsokar da ke ɗamewa idan ƙara ta yi yawa, amma ƙarar bindiga ta riga ta shige kafin tsokar ta motsa. Harbi a cikin ɗaki, ko lungu, ko kusa da bango ya fi muni, don sautin yana dawowa. Kuma rashin harsashi ba ya rage komai a nan: albarushin da ake cika bindiga da shi ranar hawa don ta yi amo, amon nan shi ne cutar. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, ƙarar kunne ce kan gaba cikin larurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce "sabo". Bayan harbi kunne yakan dushe, ya yi ƙara, kwana ɗaya ko biyu ya washe, mutum ya ce ya warke. Sau da yawa wani abu ya riga ya tafi, kaɗan ne kawai yadda ba za a lura ba. A haka ake tarawa, har ranar da mutum zai harba bai ji zafin ƙarar ba, ya ce kunnensa ya yi ƙwari. Abin da Baba yake kira sabo, yake kuma yi mini alkawarinsa ina yaro, kurumtar ce da kanta take shigowa.

Ƙanena yana cikin 'yan sintirin unguwa yanzu, shekararsa ashirin da bakwai, kuma ya fara karkata kai idan ana magana a taro. Da na kai masa matoshin kunne, dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, wanda ke tsaron dare da kunnensa yake gani. In toshe shi ɓarawo ya zo ta bayana?" Ban musa masa ba, gaskiya ya faɗa. Maharbin da ke bin sawu ma da kunne yake farauta. Sai na ce ya ƙirga mini harbin da ya yi a shekarar nan, ya ware waɗanda suka zo masa ba shiri. Biyu ya samu. Sauran duk na gwajin bindiga ne bayan gyara, da atisaye, da na biki, harbin da mutum ya san lokacinsa tun kafin ya ɗora yatsa a kan kunama. A waɗannan babu uzuri.

Matoshin soso, wanda ake samu a wasu kemis da shagunan kayan aikin gini, yana rage desibel 20 zuwa 30 idan an sa shi daidai, kuma yawancin mutane ba sa sa shi daidai. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe kamar daƙiƙa talatin har ya kumbura ya cika ramin. Idan muryarka ta koma kamar kana magana a cikin tulu, ya zauna. Ga manyan bindigogi, a ɗora marufin kunne irin mai kama da kofi a kansa. Haɗin yana ƙara 'yan desibel kaɗan, amma a wannan matakin kaɗan ɗin ma riba ne. Akwai marufi mai batir da ke barin magana da motsin ganye su shigo, ya datse ƙarar harbi, wanda shi ne amsar ƙorafin ƙanena, sai dai tsada. Auduga kuwa, da mutanenmu suka fi yarda da ita, abin da take tarewa bai taka kara ya karya ba. Yatsa a kunne ya fi ta.

Yara su suka fi ba ni tsoro, domin na san inda na tsaya ina shekara takwas. Ramin kunnensu ƙarami ne, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu ga irin wannan ƙara ta farat ɗaya, desibel 120, ta yi ƙasa da 140 ta manya. Idan za ka kai yaro kallon hawa, ka nisanta shi da 'yan bindiga, ka kuma bar shi ya rufe kunnensa ba tare da gori ba.

Wanda kuma ya riga ya sha ƙarar, ya ji kunnensa ya toshe, ko yana ƙara, ko jiri, ko jini ko ruwa na fita, kada a ɗiga masa mai ko ruwan magani, domin idan dodon kunne ya fashe ɗigon na iya jawo ƙwayar cuta ciki. Fashewar dodon kunne takan haɗe da kanta cikin 'yan makonni idan an kiyaye ruwa. Amma jin da ya ragu farat ɗaya bai dawo ba bayan kwana guda, wannan na gaggawa ne. Maganin da likita zai iya gwadawa a kwanakin farko ya fi amfani. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Baba ya karɓi na'urar taimaka wa ji bayan doguwar gardama, yana cewa ta sa cokali ya koma masa kamar guduma. Ta dawo masa da wasu baƙaƙen, ba duka ba, gyaren kuma yana nan, sai dai idan an bar masa rediyo a hankali da dare yakan samu barci. Inna ta daina kira daga madafa. Takan zo ta zauna ta damansa, inda zai ga fuskarta, sannan ta yi magana. Da Sallar da ta wuce, ƙanena ya zo karɓar tsohuwar bindigar don hawa. Baba ya miƙa masa ita, ya miƙa masa jakar albarushi, sannan ya laluba aljihu ya ciro 'yan soso biyu a leda ya ce, "Fara da na hagun."