Waifa ta ƙi? Kada ku yi saurin sauya moto

1/ Jama'a, in waifar motarku tana gudu a mai sauri amma ta ƙi mai ɗan tsayawar nan, da wuya laifin moto ne.

2/ Tawa tsohuwar Golf ce 'yar Kwatano, ina jigila Bagudo zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin. Ranar yayyafi hannuna ɗaya na kan makunni, ga fasinja, ga shanu a hanya. Ba wasa ba ne.

3/ Rewaya ya ce sai sabon moto. Wani mai gyaran rediyo ya ɓalle rilen waifar, ya nuna min: kafasitar da ke ƙidayar daƙiƙu ta kumbura, dalma kuma ta tsage, girgizar hanya.

4/ Ya sauya ta, ya ɗiga dalma. Minti ashirin, wallahi.