Ginin Waya Marar Taga

Jama'a, bari in fara da tambayar 'yan'uwana mutanen karkara: kafin wayar salula ta shigo, mutum nawa ne a garinku suka taɓa kara kan tarho a kunne? Mu dai a Yammedi, ta ƙasar Karaye, inda aka binne cibiyata, da yatsun hannu za a ƙirga su, kuma duk fatake ne da ma'aikata waɗanda suka yi wayar a wani gari. Abin da muka sani shi ne wasiƙa, wadda malamin firamare zai rubuta maka, in amsa ta zo ya karanta maka. Sai kaset da ake ɗaukar murya a ba direba. Sai kuma sanarwar rasuwa a Rediyon Kano.

Akan ce talauci ne ya hana mu waya. Akwai wannan, to amma ko attajirin garinmu ya zo da kuɗinsa a buhu ba zai samu layi ba, domin kuwa maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce, ta nisa ce. Kowace wayar girke tana da silin tagulla biyu nata na kanta, waɗanda ke fita daga ɗakin mai ita, su bi falwaya ko ƙarƙashin ƙasa, har su shiga wani gini guda da ake haɗa layuka a cikinsa. In aka wuce 'yan kilomitoci daga ginin, sai murya ta dushe. Kamar guga ne da rijiya, igiya tana da iyaka. Wanda ginin ke kusa da shi ya sha, mu kuwa igiyar ba ta kawo gare mu ba.

Ni na taɓa shiga irin wannan gini, kuma albarkacin Kawu na ci, ƙanin mahaifiyata. Ya fara aiki tun ana kiran ma'aikatar P&T, aka zo 1985 aka haɗa sashen wayarta da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje aka kafa NITEL, ya ci gaba da aikinsa. Wani dogon hutu aka kai ni gidansa, na dame shi da naci har ya tafi da ni.

Ginin ba wani abin kallo ba ne daga waje. Bulo ne da siminti, gajere, an zagaye shi da katanga, ga dogon ƙarfe a bayansa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ɗakin na'urorin ba shi da taga ko ɗaya. Na ce, "Kawu, gidan yari ne?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, cire takalminka. Nan ƙura ce abokiyar gaba, ba ɓarawo ba." Ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin ƙarafan nan, sai mutum ya kira asibiti ya ji shi a wani gida. Shi ya sa aka toshe ko'ina, aka sa na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana. Ranar na fara jin sanyin da ba na hunturu ba.

Ya fara kai ni gaban wani abu mai kama da saƙar masaƙa, tun daga ƙasa har rufi, silin waya ne dubbai a jere, kowanne da lambarsa. Yana nunawa da yatsa: wannan na alƙali ne, wannan na asibiti, wannan na ofishin 'yan sanda, wannan na Alhaji wane mai motocin haya. Manyan gari kaf ga su nan a bango guda, talaka ko ɗaya babu. Wanda bai biya kuɗi ba, wani ɗan abu da bai kai kan ashana biyu ba za a cusa a gurbinsa, shi ke nan ya zama kurma.

Ɗaki na biyu shi ne mai ƙara. Duk wanda ya juya lamba a gidansa, sai wani ƙarfe a nan ya hau, ya juya, ya kama wani, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Kawu ya ce ko idonsa a rufe yana gane lokaci da wannan ƙara: da asuba tsit, da hantsi kamar ruwan ƙanƙara, da azahar ta lafa. In kuwa ya ji ta ɓarke a lokacin da ba nata ba, to wani babba ya rasu ko wani abu ya faru a ƙasa. Ba banza ba masu juyin mulki ke fara neman gidan rediyo da gidan waya. Daga can baya kuma ga ɗakin batura, manya-manya, suna wari mai shiga hanci. Su ke tura wuta bolt 48 cikin layuka, shi ya sa ko NEPA ta ɗauke wuta tarho yana nan da ransa.

Wani abin dariya, wanda ya ƙago ƙarafan nan masu haɗa layi da kansu ba injiniya ba ne. Almon Strowger sunansa, mai sana'ar shirya gawa da binne ta a birnin Kansas na Amurka. An ce zargi ya yi mai haɗa layi tana karkatar da masu neman sa zuwa ga abokin hamayyarsa, sai ya nemi hanyar da za a yi ba da ita ba, ya yi wa na'urarsa rajista a 1891. Wato labarin mutuwa ne ya haifi na'urar.

Mu ma a wajenmu labarin mutuwa ne ya fi sa a nemi waya. Lokacin da kakata ta wajen uba ta rasu, babban ɗanta yana Agege yana sana'a. Da safe ta cika, kafin azahar an kai ta makwancinta. Sai washegari aka tashi yayana ya hau mota ta Gwarzo zuwa Kano, ya nemi wani ɗan garinmu a Kantin Kwari wanda maigidansa ke da layi mai 064. Aka kira wani shago a Legas, aka roƙi mai shagon ya aika a nemo shi, aka ce a sake kira gobe. Ya iso Yammedi an riga an yi sadakar uku. Har ya koma ga Allah, in aka ambaci tsohuwar sai ya ce shi bai samu ko addu'ar uku ba. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wasu ƙasashen mutanen karkara ba su zauna jira ba. A Amurka, da wa'adin mallakar fasahar Bell ya ƙare a 1894, dubban ƙananan kamfanoni suka tashi. Manoma suka yi karo-karo, wasu ma a kan wayar shingen gonakinsu suka ɗora layi, suka gina ɗan ɗakin haɗa waya a tsakiyar ƙauye. Daga 1949 gwamnatinsu ta riƙa ba su rance mai sauƙi, kuma har yau ɗaruruwan irin waɗannan kamfanoni suna nan. Mu kuwa doka ta ce waya ta gwamnati ce ita kaɗai. A 1960 layuka 18,724 ne a duk Nijeriya, kuma har shekarar 2000 ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sun haura miliyan ɗari. Ni a ganina mutanen da ke gina masallacin Juma'a da makarantar Islamiyya da gumin goshinsu, kamar yadda na ga ana yi a Karaye da Rogo, ɗakin waya ba zai gagare su ba da an ba su dama. An iya kawo mana madatsar ruwa ta Challawa sukutum, amma silin tagulla biyu ya gagara.

Sai a 1992 aka yi doka mai lamba 75 wadda ta kafa hukumar NCC ta buɗe ƙofa. Ƙananan kamfanoni irin su Intercellular da Starcomms suka shigo har Kano, amma kasuwa suka bi, kuma ban ga laifinsu ba. Gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da shirin wayar karkara da rancen dala miliyan 200 daga Sin, aka ce ƙananan hukumomi 218 za a fara da su. Kafin a kammala, salula da MTN da Econet suka fara a watan Agustan 2001 ta riga ta yi musu fintinkau. NITEL kuwa aka yi ta cinikinta: Transcorp a 2006, aka ƙwace a 2009, daga bisani NATCOM ta saye ta a kan dala miliyan 252.

Shekarun baya na bi ta garin da Kawu ya yi aiki, na tsaya a bakin katangar. Ƙofa a kulle, kwaɗon ya yi tsatsa, bishiyar maina ta tsaga dandamalin da janareta yake a da, awaki na kwance a inuwarta. Wani mai faci da ke gefe ya ce tagullar tuni 'yan jari-bola suka san inda take. Yaran da ke wurin ba wanda ya san me aka taɓa yi a ciki, wani ya ce wai ma'ajiyar taki ce.

To amma fa, mai karatu, ginin bai mutu ba, ƙanƙancewa ya yi ya matso kusa. Duba gindin kowane dogon ƙarfen sabis a hanyar Karaye zuwa Rogo, za ka ga ɗan ɗaki ko akwatin ƙarfe marar taga, da batura, da janareta, da maigadi. Har yanzu nisanka da shi ne ke yanke maka hukunci, shi ya sa a wasu ƙauyukanmu sai an hau tudu ake samun magana. A watan Satumban 2021, da aka kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, wani ɗan'uwanmu ya riƙa hawo babur daga can zuwa ɓangarenmu duk bayan 'yan kwanaki. Aljihunsa cike da wayoyin maƙwabta da takarda mai lambobi, ya zauna a gindin bishiya yana kira ɗaya bayan ɗaya: wance ta haihu, wane ya rasu, wane yana cewa a turo kuɗin magani. In ya gama ya sha ruwa, ya rubuta amsoshin a bayan takardar, ya juya kafin la'asar ta yi sanyi.