Gatarin Kawu da Ɗorawar Kaka

A Gene na tashi, garin da ke kan babbar hanyar Kandi zuwa Malanbil, inda a wancan lokacin manyan motoci ke wucewa dare da rana zuwa gadar Gaya. Baƙo ya fi sanin garinmu da kasuwar shanu. Mu 'yan gida da daji muka fi saninsa, musamman gandun dajin Gungun da Turawan Faransa suka keɓe tun zamanin mulkinsu. Tun muna yara ake ce mana dajin gwamnati ne. Abin da aka ce na gwamnati ne kuwa, kowa kan ɗiba ya gudu kafin wani ya riga shi.

Kawuna mai gawayi ne. Kirya yake nema, don gawayinta ya fi nauyi da daɗewa a wuta, maƙera ma shi suke so. Da kirya ta yi wuya ya koma kan marke. Wata shekara jami'an gandun daji suka kama shi, suka ƙwace gatarinsa, aka ci shi tara. Bai daina ba, dare kawai ya koma yi. Da bashi ya taso masa, sai ya zo da sabon gatari ya tsaya ƙarƙashin ɗorawar da ke gonar gidanmu.

Kaka ta riga shi isa. Ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar ta zauna. Ta ce, "Ɗan nan, buhu nawa za ka samu?" Ya faɗi. Ta ce, "Sau ɗaya ke nan. Ni kalwar nan shekara nawa nake daddawa da ita ina saya maka riga?" Kawu ya saɓa gatarinsa ya tafi, ya yi kwanaki ba ya gaishe ta.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa tsohuwa ɗaya ta yi abin da jami'ai masu kaki suka kasa. Amsar da na samu ita ce, bishiyar tata ce. Ta san abin da za ta rasa.

Dokar daji ta Benin ta 1993 ta yarda a tsara kula da gandun daji tare da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A gefen gandun namun daji na W ma an kafa ƙungiyoyin ƙauye da ake kira AVIGREF, don mutane su sami rabo daga abin da dajin ke kawowa. Tsallaken kogi, Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara tun 1992: ƙauye ya raba dajinsa kashi-kashi, a sari wannan bana, a bar shi ya huta, wani ɓangare na haraji ya zauna a garin. Manoman Maradi kuma da sassaben zamani suka farfaɗo da gonakinsu, suna barin tohon kututture ya girma maimakon a ƙone shi.

Ba na cewa zaman kwamiti magani ne kai tsaye. Na halarci irin taron, na ga maza sun cika rumfa, matan da ke ɗauko itacen girki a ka suna can baya ba a tambaye su komai ba. Bafulatanin da ke saran reshen madobiya wa shanunsa da rani ba a gayyace shi ba, mai neman sabuwar gonar auduga kuma yana da ɗan'uwa a cikin shugabanni. Dokar da aka yanke ba da su ba, su ne za su fara karya ta.

Kawu ya tsufa yanzu. Bara na same shi a gonarsa da wuƙa yana rage wa wani tohon kirya rassa, ya bar biyu masu ƙarfi. Na ce, "Kawu, wannan ai ba za ka ci gawayinta ba." Ya ce ya sani. Kaka ta rasu, amma ɗorawar tana nan, matar ƙanena ce ke tsintar kalwarta.